Yadda Ake Saita Harshe da Yanki a Manhajar Kwamfuta, da Yadda Ake Tabbatar da Saitin Ya Zauna

Idan aka rubuta 03/04/2025 a cikin manhaja, kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta ɗauke shi a matsayin 4 ga Maris, wadda aka saita bisa tsarin Birtaniya kuma za ta ɗauke shi a matsayin 3 ga Afrilu, alhali dukkansu biyun da Turanci suke yi wa mai su magana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa harshe daban, yanki daban. Harshe ne ke tantance kalmomin da ke kan maɓallai da saƙonnin gargaɗi. Yanki kuwa shi ke tantance jerin rana da wata da shekara, da alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, da alamar kuɗi, da ranar da mako ke farawa, har da girman takardar da firinta za ta yi tsammani, wato A4 mai milimita 210 da 297 ko Letter mai milimita 216 da 279.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe kafin a taɓa komai shi ne, waɗannan saituna ba a wuri guda suke zaune ba. Hawa-hawa ne: akwai na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, akwai na asusun mai amfani, akwai na manhajar da ake aiki da ita, sannan akwai wanda ke maƙale a jikin fayil ɗin kansa. A mafi yawan lokuta na kusa da aikin ne ke danne na nesa, shi ya sa mutum zai canza saitin kwamfuta gaba ɗaya, ya koma ya tarar manhajarsa ba ta ko motsa ba.

Mataki na farko: a fahimci gajerun sunayen

Kwamfuta ba ta kiran harshe da cikakken sunansa. Tana amfani da haruffa biyu na ƙa'idar ISO 639, kamar ha na Hausa, en na Turanci, fr na Faransanci da ar na Larabci, sannan ta biyo da haruffa biyu manya na ƙasa daga ƙa'idar ISO 3166, kamar US na Amurka, GB na Birtaniya, FR na Faransa, NG na Najeriya da NE na Nijar. Windows da burauza suna haɗa su da karan ɗori, a samu en-GB ko ha-NG. Linux kuwa da layin ƙasa yake haɗa su, ya ƙara da tsarin lambobin haruffa a ƙarshe, wato yadda ake adana haruffa a fayil, a samu en_GB.UTF-8 ko ha_NG.UTF-8. Wani lokaci ana cusa sunan rubutu a tsakiya, kamar ha-Latn-NG, wanda ke nufin Hausar boko. Duk wanda ya iya karanta waɗannan sunaye zai gane abin da kwamfuta ke faɗa masa a matakan da ke tafe.

Mataki na biyu: a karanta abin da ke nan kafin a canza shi

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ceton mutum daga baya. A rubuta saitin da ake da shi a takarda ko a ɗauki hotonsa, domin idan gyara ya ɓata wani abu a san inda za a koma.

A Windows, a buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni, a rubuta waɗannan umarni ɗaya bayan ɗaya:

`Get-UICulture`
`Get-Culture`
`Get-WinSystemLocale`
`Get-WinUserLanguageList`

Na farko yana nuna harshen da Windows ke nuna fuskarta da shi, na biyu tsarin kwanan wata da lambobi, na uku harshen da tsofaffin manhajojin da ba su san Unicode ba (tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi na bai-ɗaya) ke dogaro da shi, na huɗu kuma jerin harsuna da allunan madannai da ke asusun. Ba laifi ba ne a ga amsoshin sun bambanta da juna. Laifin shi ne a ce mai kwamfutar bai san sun bambanta ba.

A macOS, a buɗe Terminal a rubuta `defaults read -g AppleLanguages` don ganin jerin harsuna, da `defaults read -g AppleLocale` don ganin yanki. A Linux, umarnin `locale` yana jero duk saitunan zaman da ake ciki, `locale -a` yana jero waɗanda aka girka a kwamfutar, `localectl status` kuma yana nuna na kwamfutar gaba ɗaya a ire-iren Linux da ke amfani da systemd, manhajar da ke tafiyar da hidimomin kwamfutar.

Mataki na uku: saitin babbar manhaja

A Windows 11 hanyar ita ce Settings, sai Time & language, sai Language & region. A saman shafin akwai Windows display language, wanda shi ne harshen fuska, kuma ba ya zama sai an fita daga asusu an sake shiga. Ƙarƙashinsa akwai jerin harsunan da aka fi so, kuma jerin yana da muhimmanci domin manhajoji da yawa suna ɗaukar na farkon da suke da fassararsa. Can ƙasa akwai abubuwa biyu da sunansu ke ruɗa mutane: Country or region yana shafar irin abubuwan da shagon manhajoji da wasu hidimomi ke nunawa ne, amma Regional format ne ke riƙe da kwanan wata, lokaci da lambobi. Wanda ya canza na farko yana jiran kwanan wata ya gyaru zai daɗe yana jira.

Idan ana son gyara dalla-dalla, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta `intl.cpl`. A tagar da za ta buɗe, ƙarƙashin Additional settings, ana iya zaɓar alamar ɓarin lamba, alamar raba dubbai, da alamar raba jeri wadda aka sa wa suna List separator. A lura da wannan ta ƙarshe da kyau, za mu dawo gare ta. A wannan tagar dai, shafin Administrative ne ke ɗauke da saitin manhajojin da ba su san Unicode ba, kuma canza shi na buƙatar izinin mai kula da kwamfutar da kuma sake kunna ta. Akwai wani akwati a wurin mai alamar Beta da ke mayar da wannan saiti UTF-8, wato hanyar adana haruffan Unicode, wanda ya shigo tun Windows 10 fitowar 1803. Yana warware matsalar haruffa a wasu manhajoji, yana kuma lalata rubutun wasu tsofaffi, don haka ra'ayina shi ne kada a kunna shi sai an gwada sauran hanyoyi sun gaza. Akwai kuma fitowar Windows mai suna Single Language wadda ba ta yarda a canza harshen fuska ba ko kaɗan, amma ana iya canza tsarin yanki da ƙara allon madannai a cikinta.

A macOS, tun daga Ventura ta 2022, hanyar ita ce System Settings, sai General, sai Language & Region. Ana jan harshen da ake so zuwa saman jeri, a zaɓi yanki a ƙasa, kuma shafin yana nuna samfurin kwanan wata da lamba nan take.

Linux ne ya fi rarrabe al'amarin, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci sauran. Kowane ɓangare yana da sunansa: LC_MESSAGES na saƙonni, LC_TIME na kwanan wata, LC_NUMERIC na lambobi, LC_MONETARY na kuɗi, LC_COLLATE na jerin haruffa, LC_CTYPE na rabe-raben haruffa, LC_PAPER na takarda. Duk wanda ba a ba shi ƙima ba yana gadon abin da ke cikin LANG, wato saitin gaba ɗaya. Shi kuwa LC_ALL, idan aka saita shi, yana danne su duka ba tare da togiya ba, saboda haka bai dace a rubuta shi a fayil na dindindin ba. Aikinsa gwaji ne na ɗan lokaci. Mai son saƙonni da Turancin Amurka amma kwanan wata da takarda bisa tsarin Birtaniya zai rubuta:

`sudo localectl set-locale LANG=en_US.UTF-8 LC_TIME=en_GB.UTF-8 LC_PAPER=en_GB.UTF-8`

Sharaɗin shi ne sunayen su kasance cikin abin da `locale -a` ya jero. Idan babu su, hanyar ta danganta da irin Linux ɗin: a Debian da Ubuntu ana girka su da `sudo dpkg-reconfigure locales`, a Arch kuma ana cire alamar # daga gaban layin a /etc/locale.gen sannan a gudanar da `locale-gen`. Akwai kuma LANGUAGE, wanda manhajojin da ke amfani da tsarin fassara na gettext ke dubawa: idan aka ba shi `ha:fr:en`, manhaja za ta nemi fassarar Hausa, in babu ta nemi ta Faransanci, in babu ta koma Turanci.

Mataki na huɗu: saitin manhajar kanta

Yanzu a buɗe manhajar da ake magana a kanta, a nemo ko tana bin kwamfuta ne ko tana da nata ra'ayin. Manhajoji kashi uku ne a wannan fanni: masu bin babbar manhaja a komai, masu nasu saitin harshe amma suna aron tsarin lambobi daga kwamfuta, da masu riƙe komai da kansu.

Microsoft Office na kashi na biyu ne. Harshen fuska da harshen duba rubutu suna ƙarƙashin File, sai Options, sai Language, amma Excel a Windows yana ɗaukar tsarin kwanan wata daga Regional format. Alamomin lamba ma daga can yake ɗauka, sai dai idan an cire alamar Use system separators da ke ƙarƙashin Advanced an rubuta wasu da hannu. LibreOffice ya fi kusa da kashi na uku: a Tools, sai Options, a sashen harsuna, akwai zaɓi dabam na harshen fuska, na yanki, na kuɗi, na siffofin kwanan wata da zai karɓa, da na harshen sababbin takardu.

Burauza tana da saiti biyu da bai kamata a gwama su ba. Ɗaya harshen maɓallanta ne, ɗaya kuma jerin harsunan da take aika wa shafukan intanet a cikin saƙon da ake kira Accept-Language. Shafi yana iya girmama wannan jeri, yana kuma iya watsi da shi ya bi saitin asusun da aka shiga da shi ko ƙasar da yake zaton baƙon ya fito. Idan shafi ɗaya ne kawai ke zuwa da baƙon harshe, to gyaran yana cikin asusun shafin, ba a burauza ba.

Ga wanda yake son manhaja guda ta yi wani harshe dabam da na sauran, macOS yana da sashen Applications a shafin Language & Region tun Catalina ta 2019, kuma wayoyi ma sun samu irin wannan dama, iOS 13 a 2019, Android 13 a 2022. A Linux ana sa saitin a gaban sunan manhajar lokacin buɗe ta, kuma ba ya wuce wannan buɗewar.

Sai hawa na ƙarshe, wato fayil. A Word, harshen duba rubutu yana maƙale da rubutun ne, shi ya sa takardar da aka karɓo daga wani za ta cika da jan layi duk da cewa saitin mai karɓa daidai yake. Maganinta a zaɓi dukkan rubutun, a je Review, sai Language, a sa harshen da ya dace ko a hana duba shi. A Google Sheets kowane jadawali yana da yankinsa a ƙarƙashin File, sai Settings, kuma ba ruwansa da yankin kwamfutar da aka buɗe shi a kai.

Mataki na biyar: gwaji

Ganin sunan da ake so a cikin akwatin zaɓi ba hujja ba ce cewa saitin ya zauna. Yawancin manhajoji sau ɗaya suke karanta shi, a lokacin buɗewa, saboda haka a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗe ta, haka ma tagar umarni, sannan a yi gwaji da abin da ba zai iya zama daidai bisa sa'a ba.

Don kwanan wata, a zaɓi ranar da ta wuce 12. A buɗe sabon jadawalin lissafi, a rubuta 13/04/2025 a gida ɗaya, a rubuta 04/13/2025 a wanda ke ƙarƙashinsa. Tunda babu wata na goma sha uku, ɗaya ne kawai manhajar za ta karɓa a matsayin kwanan wata, kuma za a gane shi domin zai koma gefen dama na gidan, ɗayan kuma ya tsaya a hagu a matsayin rubutu kawai. Wannan ƙaramin gwaji yana bayyana wani haɗari mai tafiya a ɓoye: idan aka shigo da jerin ranaku daga wani tsari zuwa wani, ranakun da suka wuce 12 za su maƙale a matsayin rubutu, waɗanda ba su wuce ba kuma za a juya musu rana da wata ba tare da wani gargaɗi ba. Wani sashen jerin zai ɓaci a fili, wani a asirce, kuma na asircen ne ke yin ɓarna. Inda ake musayar bayanai tsakanin mutane masu saiti mabambanta, siffar ISO 8601 ta fi aminci, wato shekara, wata, rana, kamar 2025-04-13.

Don lambobi, a rubuta 1.5 da 1,5 a gidaje biyu a ga wanne aka karɓa a matsayin ɗaya da rabi. Lamba ɗaya ce ake rubutawa 1,234,567.89 a tsarin Turanci, 1.234.567,89 a na Jamusanci, 1 234 567,89 a na Faransanci, a Indiya kuma 12,34,567.89. Daga nan ne matsalar fayilolin CSV ke fitowa, wato fayilolin jadawali da ke raba bayanai da waƙafi. A yankunan da waƙafi ke raba ɓarin lamba, ba zai yiwu ya raba bayanai kuma ba, sai a koma ga waƙafi mai ruwa. Excel yana duba List separator ɗin nan da aka ambata, kuma idan bai dace da abin da ke cikin fayil ba, sai duk layin ya cunkushe a gida ɗaya. Maimakon a canza saitin kwamfuta saboda fayil guda, gara a shigo da shi ta Data, sai From Text/CSV, a zaɓi alamar rabewar da hannu.

A Linux, `date` da `locale decimal_point` da `printf "%'d\n" 1234567` sun isa su nuna halin da ake ciki, kuma `LC_ALL=fr_FR.UTF-8 date` yana nuna yadda wani saitin zai kasance ba tare da an canza komai ba. A burauza, a danna F12, a shiga Console, a rubuta `navigator.languages` da `Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions()`, na biyun yana nuna har da shiyyar lokaci, wadda saiti ce mai zaman kanta da canza yanki ba ya taɓawa.

Gwajin jerin haruffa ma yana da amfani. A jera kalmomin kaza, ƙasa, zane da Bala. A saitin da ake kira C ko POSIX, ana jerawa ne bisa lambar kowane harafi, don haka manyan haruffa duk suna riga ƙanana, ƙasa kuma tana faɗawa bayan zane. A saitin harshe na gaske, ƙasa tana biyo bayan kaza.

Mataki na shida: idan haruffa suka lalace

A rubuta jimlar da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, a adana fayil ɗin, a rufe, a sake buɗewa. Idan sun dawo lafiya, an wuce wurin. Idan ba su dawo ba, siffar lalacewar ce ke faɗin inda ciwon yake, kuma siffofin uku ne.

Idan ƙasa ta koma Æ™asa, ko ɗaki ya koma É—aki, rubutun lafiyarsa ƙalau, karatun ne aka yi da tsarin da bai dace ba. UTF-8 yana adana ƙ da bayit biyu, wato lambobi biyu, C6 da 99, sai manhajar ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, inda na farko yake Æ, na biyu kuma ™. Maganin shi ne a rufe fayil ɗin ba tare da adanawa ba, a sake buɗe shi ana gaya wa manhajar cewa UTF-8 ne, wanda Windows ke kira 65001. Idan ƙananan akwatuna ne suka bayyana a gurbin haruffan, nan ma rubutun yana nan, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da siffarsu, sai a canza salo. Amma idan alamun tambaya ne suka maye gurbinsu a cikin fayil ɗin da aka adana, to an adana shi da tsarin da ba shi da waɗannan haruffa, an kuma zubar da su. Babu saitin da zai dawo da su, sai a koma ga kwafin asali. Saboda wannan ne ya dace a zaɓi CSV UTF-8 lokacin adanawa a Excel, ba CSV zalla ba.

Allon madannai kuwa batu ne dabam da duk waɗannan. Ana iya ƙara na Hausa a Windows ba tare da an canza harshen fuska ba, a riƙa sauyawa tsakaninsu da maɓallin Windows tare da na tazara.

Idan har yanzu saitin ya ƙi zama

A bi hawa-hawan nan daga na kusa zuwa na nesa: fayil, manhaja, asusu, kwamfuta, ana canza abu ɗaya a lokaci guda ana maimaita gwajin. Idan fuskar manhaja ta ƙi barin Turanci alhali kwanan wata ya canza, akwai yiwuwar manhajar ba ta da fassarar harshen, ko fassarar kunshi ce dabam da ba a girka ba. A Linux, a duba ko wani ya bar LC_ALL a cikin .bashrc ko .profile, fayilolin saitin asusun mai amfani. Ayyukan da cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ke yi ba sa karanta waɗannan fayiloli, don haka umarnin da ya yi daidai a hannu yana iya fitar da wata siffar kwanan wata da tsakar dare. Haka kuma ssh, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, yakan tafi da saitin kwamfutar mai shiga zuwa sabar, wato kwamfutar da aka shiga, kuma idan ba a girka wannan saitin a can ba, sai gargaɗin cannot change locale ya riƙa fitowa. A girka shi a sabar, ko a cire layin SendEnv daga saitin ssh na mai shiga.

Ga masu rubuta manhaja akwai ƙarin abu guda. Manhajar da aka rubuta da harshen rubuta manhaja na C tana farawa ne a saitin C komai abin da mai amfani ya zaɓa, har sai ta kira `setlocale(LC_ALL, "")`, kuma a Python ma sai an kira `locale.setlocale(locale.LC_ALL, '')` kafin kwanan wata da lambobi su bi yanki. A Java ana tilasta saiti da `-Duser.language=fr -Duser.country=FR` lokacin gudanarwa. Kafin a saki manhaja, a gwada ta da de_DE na Jamusanci saboda waƙafin lambobi, da ar saboda rubutun dama zuwa hagu, da kuma tr_TR, domin a Turkanci babban harafin i shi ne İ mai ɗigo, kuma manhajar da ke mayar da kalmar file zuwa manyan haruffa don ta kwatanta ta da FILE za ta ce ba ɗaya ba ne.